Muhawara: Me Aflatun da Aristo suka gani a dimokuraɗiyyar Atina har suka kushe ta?

Habu Na-Malam: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk sanda zaɓe ya ƙarato, ko aka wayi gari sojoji sun karɓe mulki a wata ƙasa, sai ka ga ana yawo da magana ɗaya a Facebook, wai ai tun zamanin Girkawa manyan masana falsafa suka ce dimokuraɗiyya mulkin jahilai ce. Masu ilimin abin ku warware mana. Me Sukurat da Aflatun da Aristo suka ce takamaimai? Kuma abin da suka soka shi ne wannan da ake yi yau da akwati da katin zaɓe?

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Amsar tambayarka ta biyu a'a ce, kuma sai an san yadda tsarin yake kafin a gane sukar. Shekarun da zan kawo duk na kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, lissafinsu baya-baya yake tafiya, 508 ta riga 399.

A 508 wani jagora mai suna Kilistinis ya sake fasalin Atina, birnin Girkawa, ya kasa 'yan ƙasa gida goma. Daga nan mulki ya tsaya kan ƙafa uku. Ta farko babban taro, wanda ake yi a kan tudun Piniks. Duk ɗan ƙasa namiji baligi yana da ikon zuwa, ya tashi ya yi magana, ya ɗaga hannu. Babu wakilai, babu jam'iyya. A zamanin Aristo ana zama kamar sau 40 a shekara, wasu batutuwan kuma ba a yanke su sai mutum 6,000 sun hallara. Yaƙi, sulhu, kuɗin baitulmali, duk a nan ake yankewa da ɗaga hannu, yawanci a wuni ɗaya.

Ta biyu majalisar mutum 500, hamsin daga kowane gida, masu shirya abin da za a kai gaban taro. Ba zaɓensu ake yi ba, ƙuri'a ake jefawa tsakanin 'yan shekara 30 zuwa sama, su yi shekara ɗaya, kuma mutum ba ya wuce sau biyu a rayuwarsa. Ta uku kotuna. Kowace shekara ana fitar da mutum 6,000 ta ƙuri'a, daga cikinsu ake ɗibar masu sauraron kowace shari'a, 201 ko 401 ko 501 gwargwadon girmanta. Babu alƙali ƙwararre a sama da su, babu ɗaukaka ƙara.

Inda suke yin zaɓe irin namu kaɗan ne, babba a ciki shi ne sarakunan yaƙi goma, kuma su ana iya maimaita su. Ferikilis ya yi shekara 15 a jere a wannan muƙami.

Sannan a lura da waɗanda ke waje: mata, bayi, da baƙi mazauna. Daga 451 ma sai uwa da uba duka 'yan Atina ne kafin a kira ka ɗan ƙasa. Aristo kansa mutumin Istagira ne, ya yi shekaru da yawa a Atina bai taɓa ɗaga hannu a taro ba.

Malam Ilu Damagaram: Dakta, a nan Hausa tana iya ruɗa mai karatu, domin kalma ɗaya muke amfani da ita. Asalin ƙuri'a ita ce irin wadda ake jefawa wajen rabon gado idan an daidaita kaso-kaso, kowa ya ɗauki abin da ya faɗo masa. Daga baya muka ara wa zaɓe sunan. To Girkawa waccan ta asali suke nufi. Aristo ya faɗa ƙarara a littafinsa na Siyasa cewa naɗa masu muƙami ta ƙuri'a shi ake ɗauka ɗabi'ar dimokuraɗiyya, naɗawa ta zaɓe kuma ɗabi'ar mulkin tsirarun masu hali. Dalilinsa a fili yake: idan aka ce a zaɓa, sanannu da masu kuɗi da 'ya'yan manyan gida ake zaɓa. Ƙuri'a kuwa ba ta san ɗan kowa ba.

Garba Kanti: Wato da Aristo zai ga zaɓen yau ba zai ma kira shi dimokuraɗiyya ba ke nan?

Malam Ilu Damagaram: Gauraye zai kira shi, ɗan'uwa. Kowa yana jefawa, wannan ɓangaren talakawa ne. Amma waɗanda ake jefa wa 'yan kaɗan ne masu hali, wannan ɓangaren manya ne.

Sani Lissafi: Bari in kawo sukar kanta, don kada a ɗauka ba ta da nauyi. Zenofon, almajirin Sukurat, ya ruwaito cewa masu zargin Sukurat sun ce yana koya wa matasa cewa wauta ce a naɗa shugabanni ta ƙuri'ar ƙwayar wake, alhali babu mai yarda a zaɓa masa matuƙin jirgi ko magini ta haka. Aflatun ya faɗaɗa wannan a kashi na shida na littafin Jamhuriya. Ya ce a ɗauka ga mai jirgin ruwa, ya fi kowa girma da ƙarfi, amma kunnensa da nauyi, ganinsa gajere, saninsa na teku kaɗan. Ma'aikatan jirgin suna ta rigima kan wa zai riƙe akala, babu wanda ya koyi tuƙi a cikinsu, har suna cewa ai tuƙi ba abin koyo ba ne. Su bugar da mai jirgin da giya ko magani, su cinye guzuri. Wanda ya fi iya lallashin mai jirgin shi suke kira gwani. Matuƙi na gaske, mai lura da taurari da iska da lokutan shekara, shi kuma su kira shi mai kallon sama, marar amfani. Mai jirgin shi ne jama'a. A lura, bai ce jama'a mugaye ne ba, cewa ya yi ana juya su.

A tattaunawar Gorgiyas ya kawo wanda ya fi wannan ciwo. Ya ce a gurfanar da likita gaban kotun yara, mai kayan zaƙi ya zama mai ƙara. Mai kayan zaƙi ya ce, yara, wannan mutumin yana tsaga ku, yana ƙona ku, yana ɗura muku magani mai ɗaci, ni kuwa daɗi nake ba ku. Me likita zai ce? Idan ya ce don lafiyarku na yi, ihu za su yi masa. Matsalar a wurin Aflatun ita ce a taron dubban mutane iya magana yana rinjayar sanin abu, kuma mai neman goyon baya dole ya faɗi abin da ake son ji.

Garba Kanti: Malam Sani, misalin jirgin nan yana da rami. Matuƙi ya san yadda ake kai jirgi, amma ba shi ke faɗin inda za a je ba, masu kaya da fasinja ke faɗa. A siyasa kuwa yawancin rigimar a kan inda za a je ne: a yi yaƙi ko a yi sulhu, wa zai biya haraji, nawa. Wane gwani ne ya karanta wannan har ya ƙure?

Dakta Rabi: Garba, wannan amsar tana cikin rubutun Aflatun ɗin kansa, ya sa ta a bakin Furotagoras. Sukurat ya ce a taron Atina idan maganar gini ce magina ake kira, idan ta ƙera jirgi ce maƙeran jirgi ake kira, wanda bai iya ba ya tashi sai a yi masa dariya a sauke shi. Amma idan maganar tafiyar da gari ce, kafinta da maƙeri da baduku da ɗan kasuwa duk su tashi, babu mai hanawa. Furotagoras ya amsa da tatsuniyarsu, cewa sana'o'i an raba su ga ɗaiɗaiku, likita ɗaya ya ishi mutane da yawa, amma kunya da sanin adalci kowa aka ba, don in ba haka ba gari ba zai zaunu ba. Kuma ka ga 'yan Atina ba su jahilci bambancin ba, shi ya sa ba su taɓa barin jagorancin yaƙi ga ƙuri'a ba.

Hajiya Ladi: Ni a ganina raunin da ya fi fitowa a tarihi ba jahilci ba ne, gaggawa ce da rashin birki. Ga misalai biyu.

A 428 birnin Mitilini ya yi wa Atina tawaye, aka murƙushe shi a 427. Taro ya zauna cikin fushi ya yanke a kashe duk mazan garin, a bautar da mata da yara. Aka tura jirgi da umarnin a ranar. Washegari jikin mutane ya yi sanyi, aka sake zama. Kiliyon ya ce a tsaya kan hukuncin jiya, Diyodotus ya ce kashe kowa ba zai amfani Atina ba, don duk garin da ya yi tawaye nan gaba zai yi faɗa har mutum na ƙarshe. Diyodotus ya yi rinjaye da ƙyar. Aka tura jirgi na biyu, alhali na farko ya riga shi da kamar wuni ɗaya da dare ɗaya. Marubucin tarihi Tukididis ya ce masu tuƙin suna tuƙi suna cin garin sha'ir da aka kwaɓa da mai da ruwan inabi, suna barci bi da bi. Sun isa kwamandan ya gama karanta umarnin farko ke nan. Ran dubban mutane ya rataya kan cewa iska ba ta juyo musu ba. A 416 da aka yi wa tsibirin Milos irin wannan hukunci, babu jirgi na biyu.

Na biyun ya fi nuna inda tsarin ya karye. A 406 Atina ta ci yaƙin ruwa a Arginusa, amma hadari ya hana a tsamo mutanen jiragen da suka nutse. Aka tuhumi sarakunan yaƙi takwas. Biyu suka ƙi dawowa, shida suka dawo. Wani mai suna Kaliksinos ya kawo shawarar a yanke musu hukunci gaba ɗaya da jefawa guda, ba tare da an saurari kowa shi kaɗai yadda aka saba ba. Yuriptolimus ya tashi ya ce wannan ya saɓa doka. Zenofon ya ce jama'a suka ɗau ihu, wai abin kunya ne a hana jama'a yin abin da suke so, har aka yi barazanar haɗa masu hanawa da waɗanda ake tuhuma. A cikin 'yan majalisa hamsin masu jagorantar zama a lokacin akwai Sukurat. Sauran suka tsorata suka sakar, shi kaɗai ya ƙi. Aka kashe mutum shidan, har da ɗan Ferikilis. Ba a jima ba aka yi da-na-sani, aka juya kan waɗanda suka ingiza. Shekara ɗaya bayan haka Atina ta rasa jiragenta a hannun abokiyar gabarta, birnin Siparta, a 404 ta miƙa wuya.

Abin lura: masu yin doka, masu tuhuma, da masu yanke hukunci duk taro ɗaya ne, a zama ɗaya. Kuma wanda ya ɗaga hannu ba ya amsa laifi. Tukididis ya ce bayan bala'in yaƙin da suka kai tsibirin Sisili, wanda ya ƙare a 413, mutane sun fusata da masu jawabin da suka zuga tafiyar, kamar ba su da kansu suka ɗaga hannu ba.

Habu Na-Malam: To ai Hajiya kin ba masu sukar gaskiya. Ga kuma kisan Sukurat a kai.

Hajiya Ladi: Kisan Sukurat a 399 tabo ne, babu musu. Masu yanke hukunci wajen 500, shari'ar wuni ɗaya, kowane ɓangare ana auna masa lokaci da ruwa mai ɗiga daga tulu, kuma ba sa keɓewa su tattauna kafin su jefa. Shi da kansa ya ce da ƙuri'a 30 sun koma ɗaya gefen da ya kuɓuta, ya kuma ce da ana ba shari'ar kisa kwanaki kamar yadda ake yi a wasu wurare da ya gamsar da su.

Amma Malam Habu, a duba abin da ya faru shekara biyar kafin nan. A 404 Siparta ta ɗora mutum talatin a kan Atina, irin waɗanda suke ganin kansu su ne nagari masu ilimi. Jagoransu Kiritiyas ɗan'uwan mahaifiyar Aflatun ne, kuma ya yi zama da Sukurat. Cikin kamar wata takwas suka kashe mutum wajen 1,500, da yawa don a ƙwace dukiyarsu. Sukurat ya ƙi bin umarninsu su ma, lokacin da suka aike shi kamo wani Liyon na Salamis. Da 'yan dimokuraɗiyya suka dawo a 403, afuwa suka yi, aka rantse ba za a tono abin da ya wuce ba, ban da su talatin ɗin da 'yan kaɗan na kusa da su. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, kuma Aflatun ya ga duka biyun da idonsa.

Sani Lissafi: Shi ya sa masu ɗauko Aflatun don yabon mulkin ƙarfi suke ba ni mamaki. A kashi na takwas na Jamhuriya ya jera tsare-tsare biyar, kowane yana lalacewa ya haifi na ƙasa da shi: mulkin masu hikima, na masu neman girma, na masu dukiya, dimokuraɗiyya, sai mulkin azzalumi guda. Dimokuraɗiyya ta huɗu ce, akwai wanda ya fi ta muni. Babban laifinta a wurinsa shi ne ita ke haifar wancan.

Ga matakan yadda ya zayyana su. Masu zaƙin baki su riƙa tatsar masu dukiya, su ɗan yafa wa talakawa, su riƙe kaso mafi tsoka. Masu dukiya su fara kare kansu, a ce suna ƙulla makirci. Jama'a su tsayar da mutum ɗaya a matsayin garkuwarsu. Shi kuma ya yi ta alkawarin yafe bashi da raba gonaki, ya ce ana neman ransa, a ba shi dakaru masu tsaronsa. Da ya samu, kwanakin farko murmushi yake yi yana gaida kowa. Sannan ya riƙa tayar da yaƙe-yaƙe don jama'a su ci gaba da buƙatar jagora, haraji kuma ya hana su sukunin yi masa tawaye. A ƙarshe ya bi jarumai da masu hankali ɗaya bayan ɗaya ya kawar. Aflatun ya ce wannan wankin ciki ne na baibai, likita yana fitar da marar kyau ya bar mai kyau, shi kuwa akasin haka. Har lissafi ya yi a kashi na tara, ya ce sarki mai adalci ya fi azzalumi jin daɗin rayuwa sau 729.

Wanda yake son shugaban Aflatun kuma ya karɓi sharuɗɗan. Lissafi da ilimin taurari daga shekara 20 zuwa 30, shekara biyar na muhawarar falsafa, shekara 15 a ƙananan muƙamai da fagen yaƙi, ba ya hawa mulki sai ya kai 50. Ba shi da gida nasa, ba shi da gona, ba ya taɓa zinariya ko azurfa.

Garba Kanti: A nan kam layin masu nema zai gajarce.

Dakta Rabi: Aristo ya fi malaminsa Aflatun sauka ƙasa. Makarantarsa ta tattara bayanin tsarin mulkin birane 158, na Atina ne ya tsira, aka same shi a takardun Masar aka buga a 1891 miladiyya. A wurinsa ainihin dimokuraɗiyya ba yawa ba ne, mulkin matalauta ne don amfanin kansu, kamar yadda mulkin tsiraru yake mulkin masu dukiya don amfanin kansu. Duka biyun karkatattu ne, sai dai ya ce dimokuraɗiyya ce mafi sauƙin illa a cikin karkatattun.

Ya kuma ba jama'a hujjoji biyu da Aflatun bai ba su ba. Na farko, abincin ciyayya da kowa ya fito da akushinsa yana iya fin wanda mutum ɗaya ya ɗauki nauyi, haka mutane da yawa in sun haɗa ɗan abin da kowa ya gani. Na biyu, ba magini kaɗai ke sanin kyan gida ba, mazaunin gidan ya fi shi, kuma mai ci ya fi mai dafawa sanin daɗin abinci. Mu ma muna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda ya ja layi shi ne wurin da shawarar taro ta hau kan doka. Ya ce a nan ne masu ingiza jama'a ke tsirowa, su zama wa jama'a abin da 'yan fada masu bambaɗanci suke wa azzalumin sarki. Maganinsa na aiki ne: a yawaita masu matsakaicin hali har su rinjayi kowane ɓangare, a biya talaka in ya halarci zama, a ci mai kuɗi tara in ya ƙi zuwa, don duka biyun su kasance a wurin. Game da rarar kuɗin gari kuma ya ce raba ta kaɗan-kaɗan zuba ruwa ne a tulu mai huji, an karɓa yau gobe a dawo. A tara ta a ba mutum abin da zai sayi 'yar gona ko ya ja jari.

Malam Ilu Damagaram: Wani abu da ba a cika faɗa ba: 'yan Atina da kansu sun yi gyara bayan 403, kuma daidai wurin da Hajiya ta nuna. Suka raba doka da shawarar taro, suka ce shawara ba ta rinjayar doka. Canza doka ya koma hannun wani zama dabam da ake ɗiba daga cikin mutum 6,000 ɗin nan masu rantsuwa, a yi shi kamar shari'a, a naɗa mutum biyar su kare tsohuwar dokar. Sannan ƙarar saɓa doka ta yi ƙarfi: duk ɗan ƙasa yana iya kai wanda ya kawo shawara kotu, ko da taro ya riga ya amince. In aka same ka da wannan laifi sau uku, ka rasa ikon kawo shawara. Mai ƙara kuma in bai samu kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ba, tarar dirakma 1,000 ce (dirakma kuɗinsu ne), don kada a mai da abin wasa.

Maganin cin hanci ma na'ura suka yi masa. Allon dutse ne mai ramuka layi-layi, kowa ya soka ɗan allonsa mai sunansa. A gefe akwai bututu da ake zuba ƙwallaye farare da baƙaƙe. A saki ɗaya, in fari ne duk layin sun shiga, in baƙi ne su koma gida. Da safiyar ranar shari'a ake yi, saboda haka ba ka san wanda za ka saya ba.

Sani Lissafi: Gyaran bai taɓa ƙorafin Aflatun na asali ba, Malam. Waɗanda ke zama a kotun saɓa doka su ma ƙuri'a ce ta kawo su, ba ilimi ba. Kuma ladan zaman obol uku ne tun zamanin Kiliyon, rabin dirakma, kamar rabin abin da mai sana'a ke samu a wuni. Wa zai bar aikinsa don wannan? Tsofaffi da marasa abin yi. Manomin da ke Maraton, tafiyar kilomita 40, sau nawa zai zo?

Malam Ilu Damagaram: Gaskiya ne, birki suka ƙara, ba su canza matuƙi ba. Af, ga masu karatun Larabci, muhawarar ta iso wurin malamanmu ma. Farabi, wanda ya rasu a 950 miladiyya, ya kira irin wannan gari madinatul jama'iyya, ya sa shi cikin biranen jahilci, amma ya ce alheri da sharri duka sun fi yawa a cikinsa, kuma yana cikin waɗanda kafa gari nagari daga gare su ya fi sauƙi. Ibn Rushd kuma Jamhuriyar Aflatun ya yi wa sharhi, ya ce littafin Siyasa na Aristo bai zo hannunsa ba.

Habu Na-Malam: Allah ya ƙara sani. Saura guda: azzalumin da Aflatun ya yi hasashe, ya fito daga cikin taron Atina ɗin ya rushe ta?

Dakta Rabi: Bai fito ba. Daga 403 tsarin ya yi shekara 81 babu juyin mulki daga ciki. Daga waje aka karya shi. Bayan mutuwar Iskandar na Makidoniya a 323 Atina ta yi tawaye, aka ci ta da yaƙi. A 322 Antifata, kwamandan Makidoniya, ya sa sharaɗin cewa sai mai dukiyar dirakma 2,000 zai riƙe 'yancin ɗan ƙasa, mutum wajen 9,000 suka rage, ya kuma girke sojojinsa a tashar jiragen ruwa ta Firayus. Aristo ya riga ya bar garin tun 323 saboda ƙiyayyar da ta taso wa duk mai alaƙa da Makidoniya, ya koma Kalkis, can ya rasu a 322 ɗin.